Wanda Ya Amsa Daga Bayan Ruwa

Rana ta riga ta faɗa bayan gidaje lokacin da Umma ta ɗaga ƙafarta daga kan keken ɗinki. Haske ya ragu, zare ya daina shiga kafar allura sai da lalube. Ta ninke rigar da take haɗawa, ta ɗora kan tarin yadukan mutane, ta miƙe tana dafe da ƙugu. A tsakar gida 'yarta tilo, Mami, tana tsugune a bakin famfo tana wanke farantai, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Maraice ne irin na kullum, mai ƙamshin girkin maƙwabta da kukan tsuntsayen da ke neman makwanci.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufin. Ƙwas.

Umma ta ɗaga kai. Babu bishiya a gidan, balle a ce 'ya'yanta ne suka faɗo. Kafin ta sauke ido na biyu ya faɗo. Na ukun ya gangaro a hankali ta cikin kwarin kwanon, ya diro daidai gaban ƙafarta. Ta sunkuya ta ɗauka. Tsakuwa ce baƙa, sumul, kamar an goge ta da tsumma, kuma jiƙe take sharkaf, da sanyi irin na abin da aka ciro daga firji. Kwana tara ke nan rabon garin da ruwan sama.

A lokacin ne ta lura waƙar ta tsaya. Mami na nan a tsugune, ruwa ya cika robar yana malala a kan ƙafafunta, kanta a karkace kamar mai sauraron magana daga nesa.

"Mami, rufe famfon nan mana."

Yarinyar ta juyo a hankali. Idonta a buɗe, amma ba uwarta take kallo ba. Bakinta ya motsa, muryar da ta fito kuwa ta namiji ce, mai kauri, mai ɗan shaƙewa a ƙarshen kalma.

"Tela, har yanzu kina kan keken nan? Idonki fa."

Duk unguwar Umma suke ce mata. Mutum ɗaya ne tak yake kiranta Tela, kuma wata goma sha huɗu ke nan da aka kai shi makwancinsa.

Mijinta mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mai son wasa, wanda ba ya shigowa gida ba tare da wani labari a bakinsa ba. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi. Shekaru kafin rasuwarsa an taɓa ɗaukarsa aikin jan waya a masaukin ma'aikatan wani gandun daji na gwamnati, can saman tsaunuka, ya dawo yana ta ba da labarin magangarar ruwan da ya gani a wurin. Ya yi wa Mami alkawari: ranar da ta gama jarrabawar aji uku, da kansa zai kai ta. Mami sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Uwata. Jarrabawar ta zo ta wuce ba ya nan.

Ƙanen Umma, wanda Mami ke kira Kawu, direban tasi ne. Shi ya ce alkawarin mamaci bashi ne a kan masu rai, ya ajiye aikin yini guda ya ɗauke su, kwana huɗu kafin faɗowar tsakuwar nan.

Sun yi ta hawa, hanya tana nannaɗe tsauni kamar rawani, har kunnuwansu suka toshe. Iska ta yi sanyi, gajimare ya sauko yana shafar gilashin motar. A ƙofar gandun wani ma'aikaci mai koren kaya da takalmin roba ya haɗa su da wasu baƙi, ya shige gaba. Ya ce kada a ba birai abinci, kada a ƙetare shingen ƙarfe, kuma kowa ya fito kafin rana ta yi sanyi. Suka bi matakala mai santsi cikin bishiyoyin da suka haɗe kai suka rufe sama, gansakuka ta lulluɓe kowane dutse. Tun ba su ga ruwan ba suke jin ruguginsa a ƙirjinsu.

Da suka ɓullo, Umma ta kama shingen da hannu biyu. Ruwa fari fat yana zubowa daga bakin dutse mai tsayin da sai an ɗaga haɓa, yana faɗawa cikin wani kwari mai duhu, feshinsa yana jiƙa fuska. A gefen ruwan, ta bayansa, akwai wani baƙin rami kamar bakin ɗaki. Baƙi suka shiga kwaɗa kiran sunayensu, dutsen yana maido musu, suna dariya. Kawu ma ya kira nasa, ya dawo masa sau biyu.

Mami ba ta kira sunanta ba. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta haɗa tafukanta a baki, ta yi kira da dukan ƙarfinta:

"Baba!"

Dutsen bai maido ba. Kowa nasa ya dawo, nata ya shige ya ɓace. Sai can ƙarƙashin rugugin, Umma ta ji kamar an ce, "Na'am, Uwata." Ta dubi Kawu, yana can yana ɗaukar hoto. Ta dubi ma'aikacin, yana duba agogonsa. Ta ce wa kanta kunne ne, ta ja bakinta ta yi shiru. Mami ta yi barci tun daga ƙofar gandun har gida, kuma kayan jikinta ba su bushe ba duk tsawon tafiyar.

Yanzu ga muryar a tsakar gidanta.

Abin da ya kamata ta yi ta san shi. Ya kamata ta nemi tsari, ta kama 'yarta, ta kira maƙwabta. Leɓɓanta ma sun fara motsi. Amma wata goma sha huɗu ba wanda ya damu da idonta. Ta zauna a dokin ƙofa, ta ji bakinta yana cewa, "Saura hannun riga ɗaya."

"Kullum saura hannun riga ɗaya," in ji muryar, ta yi 'yar dariyar nan tasa.

Da ladan ya idar da kiran magariba, Mami ta yi ajiyar zuciya, ta dubi ruwan da ke malala, ta ce, "Lah, Umma, na bar famfo!" Ba ta tuna komai ba.

Haka abin ya zauna. Kullum rana na faɗuwa tsakuwa uku za su sauka a kan kwano, sanyi ya ratso gidan da warin jiƙaƙƙen dutse, sai muryar ta zo. Umma ta fara sallamar masu kawo ɗinki tun la'asar. Ta fara saka sakata da wuri. Wata rana ta tsinci kanta tana dafa shayi mai kauri, sukari cokali ɗaya, ta ajiye a gaban yarinyar da ba ta taɓa son shayi ba. Sukan yi hira a kan ƙananan abubuwa: fankar ɗaki da take ƙara, kyanwar da suka taɓa kiwo, ranar da ya kai Mami makaranta da takalmi wari da wari. Tana sane akwai tambayoyin da ba ta yi, kuma tana sane da dalilin da ya sa ba ta yin su.

Mami kuwa tana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Wuyanta ya yi tsawo, tafin hannunta ya yamushe irin na wanda ya daɗe yana wanki. Gashinta kullum da danshi, matashinta da safe sai an shanya. Ta daina zuwa makaranta saboda barci. Umma ta kai ta asibiti, aka auna jini aka ce ba a ga komai ba, a ba ta abinci mai kyau. Muryar da a da take tafiya da ƙarewar kiran salla ta fara kaiwa har duhu ya rufa.

Ranar kwana na ashirin ta ce, "Tela, inda nake akwai fili, akwai sanyi mai daɗi. Zan zo da Uwata ta gani."

Umma ta ji kamar an zuba mata ƙanƙara a baya. Ta ce, "Ba inda za ta je."

"Ita ta kira ni ai."

Washegari da sassafe ta iske gadon Mami ba kowa, ƙofar gida a buɗe. Ta fita ko mayafi babu. Sai a bakin babban titi ta cim mata, ba takalmi, tana tafiya tiƙis-tiƙis, fuskarta ta nufi wajen da tsaunuka suke. Ta riƙo ta suka dawo. Duk da haka ba ta gaya wa kowa ba. Ta ƙara kwaɗo a ƙofa kawai.

Kawu ne ya bankaɗo asirin. Ya biyo da maraice ya kawo musu cefane, ya yi ta bugu ba a buɗe ba, ya sa kunne a jikin ƙofar. Da Umma ta buɗe daga baya, ta same shi jingine da motarsa, ledar cefanen a ƙasa, fuskarsa ta yi fari.

"Yaya, muryar wa na ji?"

Ta kau da kai.

"Ni na riƙe makararsa, Yaya. Da hannuna na zuba ƙasa. Tun yaushe?"

"Kwana ashirin da uku."

"Kina kallon yarinyar nan tana narkewa?" in ji Kawu. "Gobe zan zo da Malam. In kin hana ni shiga, ta katanga zan shigo."

Malam tsoho ne siriri, mai tabarau mai kauri, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa kafin ya koma zaman gida da littattafansa. Ya iso bayan la'asar, ba jaka ba layu, sai carbi da ƙaramar butar ruwa. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya sa aka kawo masa tsakuwoyin da Umma ta tara a gwangwanin maɓallai. Ya juya ɗaya a hannunsa, har yanzu da danshinta. Ya saurari labarin tafiyar bai katse ba. Sannan ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ya yi magana, kin amsa masa?"

"Na amsa."

"Kin taɓa ce masa ya tafi?"

Hawaye suka zubo mata. Ta girgiza kai.

"To. Ba zan yi miki faɗa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma yau aikin ba nawa ba ne ni kaɗai."

Aka zaunar da Mami a gabansa, Kawu a bayanta, Umma a gefe. Suka jira. Inuwar katanga ta miƙe ta cinye tsakar gidan. Tsuntsaye suka yi tsit. Tsakuwa ta farko ta faɗo, ta biyu, ta uku. Daga nan sai suka sauko kamar an juye buhu, kwanon yana kururuwa, har Kawu ya rufe kansa da hannu. Malam bai ɗaga ido ba. Ya fara karatu a hankali, murya ƙasa, ba gaggawa.

Jikin Mami ya sandare. Ruwa ya fara tsattsafowa daga gashinta yana bin wuyanta.

"Tela," in ji muryar, cike da ɓacin rai. "Baƙo kika kawo mini? Me na yi miki?"

Malam ya tsaya. "Wane ne kai?"

"Maigidan nan."

"Maigidan nan yana inda ba a dawowa, Allah Ya ji ƙansa. Wane ne kai?"

"Ta san ni. Tambaye ta."

Malam ya juyo wajen Umma. "Tambaye shi abin da yarinyar nan ba ta sani ba. Abin da ku biyu kaɗai kuka sani."

Tambayar da ta yi kwana ashirin da uku tana gudu ke nan. Ta dubi fuskar 'yarta, ta ce, "Ranar da muka fara haɗuwa, mece ce maganar farko da ka faɗa mini?"

Ana jin ɗigar ruwa daga haɓar yarinyar a kan tabarma.

"Na ce... kin yi kyau."

Umma ta rufe ido. "Ba shi ba ne," ta ce. "Malam, ba shi ba ne."

Malam ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi, ya yayyafa ruwan butar a fuskar Mami. Ta yi wata ƙara, ta banƙare har Kawu ya riƙe kafaɗunta da ƙyar. Da bakinta ya sake buɗewa, muryar mijin ta tafi. Wadda ta fito tsohuwa ce ƙwarai, mai amo, kamar ana magana daga cikin rijiya.

"Dakata, malami. Yana ƙona ni. Zan faɗa."

"Faɗi."

"A bayan ruwan nake, tun ba a sare hanya ba, tun ba a kafa ƙarfen nan ba. Kullum suna zuwa su jefo mini sunayensu, ni kuma in jefa musu abinsu. Ba ruwana da kowa. Sai wannan ta zo. Ba sunanta ta jefo ba." Muryar ta yi ƙasa. "Ina da 'ya a da. An daɗe ba a kira ni da wannan sunan ba. Na riƙe shi, na kasa mayarwa."

"Muryar mutumin fa?"

"A ƙirjinta na same ta, a ajiye, ba abin da ya taɓa ta. Na ara."

"Ka ari abin marainiya, ka sha jininta da shi. Dubi yadda ka mai da ita. Wannan zalunci ne, kuma kai ma za ka tsaya gaban wanda zan tsaya. Fita."

"Ka bar ni in zauna. Ba zan kai ta ko'ina ba, na janye wannan."

"A'a."

"To maraice ɗaya a mako."

"Ko ƙiftawar ido."

"To ta sake kira na sau ɗaya, da bakinta, in tafi da shi."

"Da kiran ka shigo. Ba za a ƙara maka igiya ba."

Sai abin ya yi wata dariya mara daɗi. "Kana ta korata, malami, kamar kai ne mai gidan. Yarinya sau ɗaya ta kira ni. Uwar ce take kira na kullum. Ita ke saka sakata, ita ke dafa shayi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. In ta ce in tafi, zan tafi. Ba za ta iya ba."

Malam bai musa ba. Ya sauke carbinsa a cinya, ya dubi Umma, ya jira.

Kan Mami ya juyo wajenta. Fuskar ta yi laushi, kuma muryar da ta fito ta mijinta ce sak, har da 'yar shaƙewar nan.

"Tela. Ki yi tunani. In na fita, shi ke nan fa. Ba za ki ƙara jin wannan muryar ba har ki mutu. Wa zai ce miki ki huta? Wa zai tambaye ki yadda kika yini?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ta ji kamar za a sake fitar da makara daga gidan, ita kuma aka ce ta buɗe ƙofa. Ta matso a kan gwiwoyinta, ta kamo hannun 'yarta. Hannun ba nauyi, sanyi ƙalau, ƙasusuwan kamar tsinken tsintsiya. Wannan hannun ne mijinta yakan riƙe in za su tsallaka titi.

"Da shi ne," ta ce, "da ya gwammace in manta da shi gaba ɗaya da a taɓa gashin yarinyar nan guda. Na yi kuskure da na amsa maka. Ka ajiye muryarsa inda ka same ta. Ka fita daga jikin 'yata, ka fita daga gidana. Ba na kiran ka. Ba zan ƙara kiran ka ba."

Can tsohuwar muryar ta dawo, a gajiye.

"Ta ruwa na zo, ta ruwa zan koma. A buɗe mini famfo."

"Da sharaɗi," in ji Malam. "Ba ita, ba uwarta, ba zuriyarta. Kuma duk wanda ya sake kira a bakin ruwan nan, ko me ya kira, ka mayar masa da abinsa."

"Na ɗauka."

"Allah ne shaida."

"Shi ne shaida."

Umma ce ta tashi ta murɗa famfon da kanta. Ruwan ya zubo da wani irin sanyi da ya sa yatsunta suka ƙage, yana rugugin da ya fi ƙarfin bututun. Daga masallaci ladan ya ɗaga murya. Mami ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin Kawu. Kafin a idar da kiran, rugugin ya lafa, ruwan ya koma ɗumi-ɗumi irin na tankin da ya yini a rana.

Malam ya miƙe yana kaɗe rigarsa. Ya faɗa musu abin da za su riƙa karantawa safe da maraice, ya ce a ba yarinyar abinci mai ɗumi in ta farka. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa Umma, "Ki yi kukanki yanzu, 'yata. Lokacin rasuwarsa ina jin ba ki gama ba." Kawu ya tafi kai shi.

Sai washegari da hantsi ya ɗaga Mami ta farka, gashinta a bushe, ta ce yunwa take ji. Ta cinye abin da aka ba ta, ta nemi ƙari. Umma ta zauna a bakin gado ta gaya mata komai, ba ta rage nata laifin ba. Yarinyar ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Ni na jawo, ko? Da ban kira ba..."

"Kira kika yi wa ubanki. Ba laifi a wannan."

Mami ta share ido da gefen zane. Can ta ce, "Umma, to mece ce maganar? Wadda ya fara faɗa miki?"

Umma ta yi murmushi, karo na farko cikin kwanaki masu yawa. "Ya sa na yi rantsuwa ba zan gaya miki ba. Amma ina ganin zai yafe. Ina koyon ɗinki a wani shago, aka kira shi gyaran wuta. Yana hawa tsani wandonsa ya yage tun daga baya har gwiwa. Ya sauko da baya da baya, ya manne da bango, ya dube ni ya ce, 'Tela, rufa mini asiri.'"

Mami ta fashe da dariya, ta rufe baki, dariyar ta ƙi tsayawa. Umma ma ta kama, har ta dafa gado. Ba ta san inda dariyar ta juye ba, sai ji ta yi tana kuka mai sauti, irin wanda ta hana kanta tun ranar da aka fita da shi. Yarinyar ta jawo kan uwarta ta ɗora a cinyarta, tana shafa bayanta da hannun da ya fara ɗumi, ba ta ce ta yi shiru ba.